Bencin Haƙuri

"Mutumin da kare ya zauna a gabansa har sau uku ba zai zauna a kan tabarmata ba. Magana ta ƙare."

Baba ne ya faɗi haka, yana zaune a kujerarsa ta roba a tsakar gida, rediyo a cinya. Shekara talatin ya yi yana masinja a kotu kafin ya yi ritaya, kuma har yau in ya yanke magana sai ya bugi hannun kujera kamar yadda ya ga manyansa suna bugun tebur.

Auta tana durƙushe a gabansa, ko kakin aiki ba ta cire ba. Ita ce ƙaramar 'yarsa, amma ba yarinya ba ce. Shekararta ashirin da tara, kuma shekara biyu ke nan tana aikin binciken mata a ƙofar babbar tashar mota. Mace ce da ba ta iya kwana-kwana ba, abin da ke ranta shi ke bakinta.

"Baba, ka yi haƙuri ka bar ni in yi magana."

"Yi, ina jin ki."

"Karen nan ba mugu yake ganewa ba, wari yake ganewa. An koya masa warin wani abu da ke cikin takin zamani, saboda da shi aka haɗa bam ɗin da ya tashi a tasha. Shi kuwa wannan bawan Allah taki yake sayarwa, yini yake cikin buhuna. Ko da kwalin sabulu ya yi wanka sai karen ya ji. Rantsuwa aka sa muka yi ba za mu gaya wa kowa ba, ga shi yau na karya."

Baba ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Ai na tambayi Kofur, shi da ke riƙe da igiyar karen da hannunsa. Nan ya zauna, nan inda kike, ya ce min karen nan bai taɓa kuskure ba. Ya ce duk wanda ya zauna a gabansa, to akwai lauje cikin naɗi."

"Kofur fa so na yake yi, Baba. Me kake so ya ce?"

"To laifi ne? Yaro mai ladabi, mai albashi, sunansa fes a wurin hukuma. Ni ban ce dole ki aure shi ba. Ban yi wa yayyenki dole ba balle ke. Ki zauna har ki yi furfura in kin ga dama. Amma mai jan kati dai, a'a. Shekara talatin ina kai sammaci, ban taɓa ganin hukuma ta rubuta sunan mutum haka kawai ba. Ruwa ba ya tsami banza."

Umma ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Malam, da dai an bi abin nan a hankali."

"Ke kuma ji da tukunyarki."

Umma ta koma. Hawayen da Auta ke riƙewa tun ɗazu suka ɓalle mata.

"Baba, shekara huɗu kana amsa gaisuwarsa. Lokacin da ƙafarka ta kumbura shi ya goya ka zuwa bakin titi. Kai da bakinka ka ce da a ce kana da ɗa irinsa da ka huta. Yau kare ya fi ka sanin mutum?"

Fuskar Baba ta canza. Ya kashe rediyon.

"Gobe da safe zan tafi wurin Yayana. Na ji an ce mutanen yaron nan sun nemi ganinsa. Zan gaya masa kada ya karɓe su. Kin dai san Baffanki, ba ya amai ya lashe."

Ta sani kuwa. In magana ta shiga kunnen Baffa, an rufe ƙofa an jefa mukulli a rijiya.

* * *

Da, ƙofa huɗu ce a tashar, kowa ya shiga ta inda ya ga dama. Tun da bam ya tashi aka toshe uku da gangunan siminti, aka bar ɗaya. Kafin mutum ya kai ƙofar sai ya kashe wayarsa, ya ɗaga hannu sama, ya bi layi tsakanin buhunan yashi. Mata su shiga rumfar tampol a laluba su da sanda mai kuka. Maza su wuce ta gaban kare. Tafiyar awa ɗaya ta koma ta yini guda, kuma ba mai ce uffan, don kowa ya tuna ranar da aka kwashi mutane a tabarmi.

Direbobi suna ce wa karen Alƙali, domin in ya zauna a gabanka shari'a ta ƙare. Sai a cire maka takalmi da hula, a ɗauki hotonka, ka dangwala yatsa, a kai ka wani dogon benci a rana ka jira sa hannun Oga da wanda zai tsaya maka. Bencin Haƙuri ake ce masa. In aka rubuta ka sau uku sai a ba ka jan kati. Mai jan kati ko kare bai zauna ba sai ya hau bencin duk ranar da zai yi tafiya.

Mai Taki, saurayin Auta, ya samu nasa katin wata biyar da suka wuce.

Da yamma, rana ba ta faɗi ba, Auta ta same shi a shagonsa yana ɗinke bakin wani buhu da ya fashe. Dogo ne, baƙi, mai sanyin magana, hannuwansa sun yi fari-fari da ƙurar taki. Da ya ga idonta sai ya ajiye basilla.

"An yi kuka ke nan."

"An yi, an gama. Gobe zai je wurin Baffa."

Ya kalli buhunan da ke jibge har rufi.

"Auta, na yi tunani. Zan sayar da shagon nan in kama wata sana'a. Ko faci ne zan koya."

"Katin zai goge ne in ka koma faci?"

"Ba zai goge ba."

"To rufe min baki da zancen faci."

"To ki saurare ni." Ya ture buhun gefe. "Doka ta ce ma'aikacin ƙofa ba zai haɗa gida da wanda sunansa ke littafi ba. Ranar da aka ɗaura mana aure, ranar za su karɓe kakinki. Ga fushin Baba, ga rashin aiki, duk a kaina. Ni wa? Mutumin da ko gaisuwar rasuwa zai je sai ya zauna a rana ba takalmi kamar ɓarawon akuya. Ki bar ni, Auta. Wallahi ba don ba na son ki ba. Kofur ko ba komai yana shiga ko'ina kansa a sama."

Hawaye na zuba a fuskarsa, bai ko goge ba. Ita ma nata suka dawo, amma muryarta ba ta karye ba.

"Ka gama? To ji nan. Ni ba buhu ba ce da za ka ce an fasa ciniki a mayar wa wani. Da idona na ga Kofur yana zagayo da karen nan ta bayan layi don ya biyo ta kanka, ranar da aka rubuta ka na uku. Ka taɓa ji na ce maka na gaji? Kaki ai tsumma ne, ɗinka shi aka yi. In kai ka gaji ka faɗa min a fili, kada ka laɓe a bayan tausayina."

"Ban gaji ba."

"To share fuskarka, kada manoma su zo su ce takin naka yaji gare shi."

Ya yi dariya cikin hawaye, ya goge da gefen riga.

"Gobe ni ma ina da tafiya, zan je ɗauko kaya. Za ki gan ni a ofishina."

Bencin yake nufi.

* * *

Washegari da safe Auta tana zaune a bakin ƙofar ɗaki tana ɗaure igiyar takalmin aiki. Baba ya fito cikin farar rigarsa ta zuwa unguwa, guga har tana ɗaukar ido, da hula sabuwa. Har ya kai zaure sai ya juyo, ya nufi bayan gida inda yake da tumatir da barkono a cikin tsofaffin buhuna, wajen guda ashirin. Tun da ya yi ritaya su ne 'ya'yansa.

"Kai, kai, dubi ganyen nan ya fara rawaya," in ji shi.

A lungun kicin akwai rabin buhun taki da Mai Taki ya kawo masa kyauta tun ana ɗasawa. Baba ya kori mutumin, amma takin bai kore shi ba. Ya zura hannu ya damƙo, ya zuba a aljihun farar rigar don kada ya yi ta kai da kawowa, ya bi buhunan ɗaya bayan ɗaya yana barbaɗawa. Da ya gama ya kakkaɓe aljihun, ya goge hannuwansa a cinya.

Auta tana kallo. Bakinta ya buɗe. Kalma uku ce kawai: Baba, canza riga.

Ta tuna hannunsa yana bugun kujera. Ta tuna Mai Taki yana cewa ki bar ni. Ai jiya ta gaya masa gaskiya ƙarara, ya ce ƙarya take. In karen ba ya kuskure, to me zai samu mai gaskiya?

Ta rufe bakinta, ta ja igiyar takalmin har sai da ta ji zafi.

"Na tafi aiki, Baba. Allah ya kiyaye hanya."

"Amin," ya ce, bai kalle ta ba.

* * *

Ƙarfe tara layin maza ya kai har gidan mai. Auta tana bakin rumfar mata da sandarta, abokiyar aikinta Doguwa tana ciki tana fama da wata tsohuwa da ta rantse ba mai kwance mata ƙullin kaya. Can a rana, a ƙarshen Bencin Haƙuri, Mai Taki yana zaune tun bakwai, takalminsa a gefe, ya kare kansa da kwali. Oga yana tsaye a inuwar ofis da kofin shayi, mutum mai tumbi da jan ido, wanda ba a taɓa ganin haƙoransa ba.

Sai ga Baba a layi, hannu a sama kamar kowa, amma kansa a miƙe, yana kallon mutanen benci da irin kallon da yake yi wa masu laifi a kotu.

Kofur ya hango shi. Nan da nan ya gyara hula ya washe baki.

"A'a, Baba! Kai ne a layi? Sauke hannunka, sauke. Zo ta nan ka wuce, ai kai namu ne."

Baba ya fito daga layi yana murmushi, yana duban mutane don su shaida. Ya zo daidai Kofur ya miƙa masa hannu.

Alƙali ya ɗaga hanci. Ya shinshina gefen farar riga, ya cusa hanci a aljihu, ya ja da baya taku ɗaya.

Ya zauna.

Kofur ya daskare. Sai ya fizgi igiya da sauri, yana tura karen da gwiwa.

"Tashi, kai! Wuce, Baba, wuce da sauri."

Karen ya tashi, ya zagayo, ya sake zama daram a gaban Baba, yana kallon ubangidansa yana jiran lada. Oga yana can yana hura shayi, bai lura ba. Daƙiƙa biyu suka rage Baba ya shige, ya hau mota, ya isa wurin Baffa kafin azahar.

Auta ta tako daga bakin rumfa. Ta san dokar da aka karanta musu ranar ɗaukar aiki, ta san abin da za ta jawo wa kanta. Ta ɗaga murya yadda aka koya musu, har ƙarshen layi sai da aka ji.

"Kare ya zauna!"

 Masu bindiga biyu suka matso. Oga ya ajiye kofi ya tako a hankali.

Baba ya juyo ya dubi 'yarsa. Ba ta sunkuyar da kai ba.

"Kofur," in ji Oga, "me na ga kana yi da igiyar nan?"

"Oga, ba komai ba ne, wallahi. Dattijon kirki ne, na san shi, na san gidansa."

"Karen ya zauna ko bai zauna ba?"

"Ya zauna, Oga, amma taki ne kawai! Dubi aljihunsa, ga burbushinsa nan. Ai ka sani, kullum haka yake yi wa manoma da masu lambu. Duk mutanen bencin nan ma ai..."

Sai ya haɗiye sauran. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, Baba ya ji, kuma da kunnensa ya ji. Ya dubi Kofur tun daga hula har takalmi.

"Na sani ko ban sani ba, ba ni na rubuta dokar ba," in ji Oga. "In na bar mai taki ɗari suka wuce, na ɗari da ɗaya ya zo da abin da ba taki ba, kai za ka je ka yi wa iyayen mutane bayani? Dattijo, cire hula da takalmi."

"Yallaɓai, ni tsohon ma'aikacin kotu ne. Shekara talatin..."

"To ka san doka ke nan. Cire."

Baba ya cire sabuwar hularsa. Furfurarsa ta bayyana a gaban 'yan kamasho da masu tura baro. Aka tsayar da shi jikin bango aka ba shi allo mai lamba ya riƙe a ƙirji, aka ɗauki hoto. Aka kama babban yatsansa aka dangwala a tawada. Auta ta shige rumfa, ta toshe bakinta da hularta.

"Ke wace irin zuciya gare ki?" in ji Doguwa cikin raɗa. "Ubanki fa!"

"Na sani. Karɓi sandar nan, hannuna ba ya riƙewa."

* * *

Tampol ɗaya ne tsakanin rumfar mata da ƙarshen benci. Duk abin da aka faɗa a can Auta tana ji.

Bencin ya cika, wuri ɗaya ne ya rage, kusa da Mai Taki. Ta ji katako ya yi ƙara da Baba ya zauna. 

"Barka da hantsi, Baba," in ji Mai Taki.

Ta ji Baba ya ja tsaki.

"Baba, ɗora ƙafarka a kan takalmina. Simintin nan in rana ta take yana ƙona tafin ƙafa. Ga kwali kuma ka kare kanka."

"Riƙe kayanka."

"To."

Rabin awa ta wuce. Auta ta leƙa ta wata huda a tampol. Gumi ya jiƙa farar rigar, Baba yana ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya. Mai Taki ya matsa kaɗan ya riƙe kwalin a sama yadda inuwar za ta faɗa kan furfurar Baba, shi kuwa rana na dukan ƙeyarsa. Baba ya yi kamar bai gani ba. Can sai ga ƙafafunsa a kan takalmin.

"Sai yaushe ake sallamar mutum?" in ji Baba, yana kallon gabansa.

"In Oga ya ci abinci, wajen ƙarfe biyu. In ka yi magana a mayar da kai ƙarshe. In fitsari ya kama ka, ka ɗaga hannun hagu, kada ka miƙe tsaye."

"Wancan tsohon fa, me ya yi?"

"Albasa yake nomawa. Yau na biyu ke nan. Asibitin ido za shi, sau biyu yana rasa ranar likita. Na kusa da shi kuma lebura ne, buhuna yake saukewa. An fasa ba shi aikin gadi saboda hotonsa na littafi."

"Kai kuma kullum haka kake zama?"

"Duk sati biyu, Baba. Har na saba. Ni fa ban ƙi a bincika ba, ƙanin abokina yana cikin waɗanda suka rasu a nan. A bincike ni sau dubu. Abin da ke ci min rai, in an bincika ba a ga komai ba, sunan ba ya fita."

Baba ya daɗe yana kallon baƙin yatsansa.

"Shekara talatin ina kai wa mutane takarda," ya ce a hankali. "Ban taɓa tsayawa na ga abin da ke biyo baya ba."

Ƙarfe biyu da kwata aka kira lambar Baba. Auta ta fito ta tsaya a ƙofar ofis. An zazzage jakarsa, ba komai sai carbi da maganin hawan jini da 'yar tsarabar da zai kai wa Yayansa.

"Wa zai tsaya maka?" in ji Oga.

Mai Taki ya ɗaga hannu daga benci. "Ni, Oga. Na san shi shekara huɗu."

"Mai jan kati ba ya tsaya wa kowa. Kofur, kai da ka san gidansa fa?"

Kofur ya duƙa yana gyara wa kare abin wuya. "Oga, ai ma'aikaci ba ya tsayawa. Kuma sanin ma ba wani sosai ba ne."

Auta ta shiga. Ta cire hular aiki ta ajiye a tebur, ta ɗora katin shaidarta a kai.

"Ni zan tsaya masa. Mahaifina ne."

Oga ya ɗago jajayen idanunsa.

"Ke kika kira shi, kuma mahaifinki ne? Kin san wanda ubansa ke littafi ba ya aiki a ƙofar nan?"

"Na sani tun kafin in buɗe baki, Oga. Ina zan sa hannu?"

Ya dube ta ya daɗe, sannan ya juyo mata da littafin ya miƙa mata biro.

Motar garin Baffa ta ƙarshe ta tashi tun ƙarfe ɗaya. Baba ya sa hularsa, ya sa takalmi, ya fita bai kalli kowa ba. Da ya zo daidai benci sai ya tsaya, kamar zai yi magana, sannan ya wuce.

* * *

Da la'asar Auta ta shigo gida cikin kayan gida da Doguwa ta ara mata, kakin na can a ofis. Umma ta tare ta a zaure, ido ya yi ja.

"Me kika yi, 'yar nan? Tun da ya dawo bai ci ba, bai sha ba. Yana bayan gida."

Ta same shi tsugune a gaban tumatirinsa da singileti, farar rigar tana jiƙe a bokiti. Yana ta goga yatsansa da toka, tawadar ta ƙi fita. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, ga ni."

Bai juyo ba.

"Da safe kin gan ni ina zuba taki a aljihu?"

"Na gan ka."

"Kika yi shiru."

"Na yi shiru."

"A ƙofa kuma yaron can zai wuce da ni, kika ɗaga murya. Kika sa aka tuɓe min hula a gaban 'yan kamasho. Ni, ubanki."

Hawaye suka zubo mata, ta bar su suna zuba.

"Na yi, Baba. Ba zan ce maka kuskure ba ne, da gangan na yi. Na gaya maka da baki ka ce ƙarya nake, ban da wata shaida sai karen. Ka yi min duk hukuncin da ka ga dama, na cancanta. Amma ka yafe min, don wallahi da aka cire hular nan ji na yi kamar fatata aka cire."

"Aikin kuma?"

"Ya tafi."

"Saboda mai taki."

"Saboda shi. Kuma ko gobe aka dawo da safiyar nan, abin da zan yi ke nan."

Baba ya juyo ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta, har Umma da ke laɓe a bayan ƙofar kicin ta fara salati a hankali.

"Taurin kan nan ba a wurin uwarki kika ɗauko shi ba," ya ce. "Yafiya kuma ba yau ba. Ki bar ni in huce, raina a ɓace yake, kuma zai daɗe a ɓace."

"To, Baba."

"Awa biyar yaron nan yana riƙe min kwali a kai. Hannunsa har rawa yake, bai sauke ba. Na kore shi daga gidana, bai ko tuna min ba." Ya jefar da tokar. "Shi kuwa mai ladabin naki, sanin ma ba wani sosai ba ne."

Ya miƙe da ƙyar, yana dafe gwiwa.

"Miƙo min wayata in kira Yaya. Ni da tashar nan sai dole, saura min biyu in zama abokin aikin surukina."

Auta ta ɗago kai da sauri. Umma ta saki murfin tukunya ya faɗi ƙasa.

"Baba, me ka ce?"

"Kunnenki ƙalau. Ki gaya masa mutanensa su je wurin Baffanki ran Asabar." Ya karɓi wayar, ya nuna ta da baƙin yatsansa. "Kuma ki gaya musu su fito tun da asuba, kowa da sabuwar riga, kada wanda ya bi ta shagon nan. In kare ya zaunar min da baƙi a hanya, ke zan kama."